SANTSI DA TAƁO: ABIN DA KE BIYO BAYAN NASARAR BA-ZATA

Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin malamanmu ya gabatar a zaman da matasa suka saba yi bayan sallar La'asar a Tudun Wada, Zariya. Wakilinmu ne ya naɗo shi, muka rubuto muku kamar yadda ya fito daga bakinsa, sai ɗan gyaran da ba a rasa ba. A sha karatu lafiya.



'Yan'uwa, abin da ya jawo maganarmu ta yau shi ne wata gardama da na tarar wasunku suna yi kwanakin baya, kowa da waya a hannu, a kan wani saurayi da ake kira Zohran Mamdani, can birnin Niyok na ƙasar Amurka. Wasu na cewa ai shi ke nan, talaka ya samu nasa. Wasu na cewa ku dai bari, ba za a bar shi ya kai ko'ina ba. Aka ce, Malam, me ka gani? Na ce a bari sai mun zauna, domin ba magana ce ta tsaye ba.

To, ga wanda bai bi labarin ba. Ranar 24 ga Yunin 2025 jam'iyyar Dimokurat ta yi zaɓen fid da gwani na wanda zai tsaya mata takarar magajin garin Niyok. Wanda kowa ya sa wa ido shi ne Andrew Cuomo, mutumin da ya yi shekara goma yana gwamnan jihar, ubansa ma ya yi gwamna, ga attajirai sun zuba miliyoyin daloli a bayansa. Sai ga wannan yaro ɗan shekara 33, Musulmi, haifaffen Kampala ta Yuganda, ɗan majalisar jiha, ya kayar da shi. Da me ya nemi ƙuri'a? Da maganar kuɗin haya, da kuɗin mota, da kuɗin cefane, da kuɗin renon yara. Abin da ke damun mai ƙaramin ƙarfi ke nan ko'ina yake.

Amma ku lura da abin da ya biyo baya. Gari na wayewa sai magana ta tashi daga kan haya da cefane, ta koma kan wane ne shi, kuma anya jam'iyya za ta haɗu a bayansa? Shugaba Trump ya ce ɗan kwaminis ne. Manyan jam'iyyarsa kuwa suka yi ta jan ƙafa. Gwamnar jihar ba ta ce tana tare da shi ba sai a watan Satumba. Jagoransu a majalisar wakilai, Hakeem Jeffries, sai ƙarshen Oktoba, ana saura 'yan kwanaki zaɓe. Jagoransu a majalisar dattijai, Chuck Schumer, har aka kaɗa ƙuri'a bai fito ya ce uffan na goyon baya ba. Shi kuma Cuomo da aka kayar, sai ya fita ya tsaya a matsayin ɗan takara mai zaman kansa. To wa ya fasa haɗin kai a nan? Wanda ya sha kaye. Amma wa aka yi ta tambaya ko zai raba jam'iyya? Wanda ya ci. Duk da haka ranar 4 ga Nuwamba ya sake kayar da Cuomo.

Ba zan daɗe a can ba. Mu ba mazauna Niyok ba ne, kuma labarinsu bai kai ƙarshe ba. Muna da namu a nan gida, wanda ya faru a kan idon iyayenku, kuma shi ya riga ya ƙare, ana iya ganin kansa da gindinsa. Kuma ku sani ban zo in ce ku shiga wata jam'iyya ko ku fita daga wata ba. Na zo ne mu ga yadda ake yi wa nasara bayan an same ta.

A 1978 soja suka ɗage takunkumin siyasa, aka yi wa jam'iyyu biyar rajista: NPN, UPN, NPP, GNPP da PRP. Ita PRP, mai alamar mabuɗi, ta Malam Aminu Kano ce, Allah Ya jiƙansa, kuma gadon NEPU ce, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agustan 1950. 'Yan NEPU sun sha ɗauri, sun sha bulala a hannun En'e, kuma duk tsawon Jamhuriya ta Farko ba su taɓa riƙe gwamnati ba. Sai ga 1979 ta zo, a rana ɗaya suka samu jiha biyu.

Ta Kano ba ta ba kowa mamaki ba, illa dai wanda ya hau. Ɗan takarar farko Injiniya Salihi Iliyasu ne, hukumar zaɓe ta FEDECO ta hana shi, aka ɗauko Muhammadu Abubakar Rimi, saurayi ɗan shekara 39, mai kaifin harshe. Ta nan Kaduna ita ce ba-zata. Ku tuna a lokacin jihar Kaduna ta haɗa har da Katsina da Daura, ba a cire Katsina ba sai 1987. Nan ne cibiyar manyan Arewa, nan ne gidan NPN. Ɗan takararsu Alhaji Lawal Kaita ne, ɗan gidan sarautar Katsina. Sai ga wani akanta, mutumin Kaya ta ƙasar Giwa nan bayanmu, Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa, ya kayar da shi.

Yanzu ku riƙe wannan lissafi, domin za mu dawo kansa. Majalisar dokokin jihar Kaduna kujera 99 ce. NPN ta ci 64. PRP ta ci 16. Sauran GNPP da NPP da UPN suka raba. To jam'iyyar da ke da kujera 16 cikin 99, yaya aka yi ta ci gwamna? Ma'ana ba ƙuri'ar 'yan PRP kaɗai ce ta kai Balarabe gidan gwamnati ba. Duk wanda ba ya son NPN, daga Zariya har kudancin jihar, shi ya jefa wa. Wato tun ranar farko da bashin wasu jam'iyyu a wuyansa ya hau.

Suna hawa a watan Oktoba, gwamnonin nan biyu suka soke haraji da jangali. Ku samari ba za ku san nauyin wannan ba. Ku tambayi kakanninku yadda magidanci kan bar gari idan lokacin haraji ya zo, yadda ake shanya mutum a rana a ƙofar dagaci, yadda Bafulatani kan kwana yana kora shanu cikin daji don gudun masu ƙirga. Abin da NEPU ta shekara kusan talatin tana kuka a kai, aka share shi da sa hannu ɗaya. A 1980 kuma Rimi ya mai da ranar ɗaya ga Mayu ranar hutun ma'aikata, tun kafin gwamnatin tarayya ta yi.

To abokin hamayya da aka kayar, me ya rage masa? Ƙuri'a dai an riga an ƙirga, ba ta komawa cikin akwati. Ƙofa biyu ce ta rage. Ta farko majalisa, kuma sun bi ta: duk sunayen kwamishinonin da Balarabe ya aika sai a dawo masa da su, har ya bar mulki bai taɓa samun kwamishina ko ɗaya ba. Ta biyu ita ce a nemi tsaga a bangon gidan wanda ya ci. Kuma tsagar tana nan, ba wani ne ya ƙirƙire ta ba. Wannan ina so ku fahimce shi da kyau, domin mun saba da an ce an raba mu sai mu ce makircin maƙiya ne, mu wanke kanmu tas. A'a. Akwai saɓani na gaske a cikin PRP, kuma kowane ɓangare yana da hujjar da mai hankali zai tsaya ya saurara.

Saɓanin shi ne taron gwamnoni tara. Gwamnonin UPN biyar, na Legas da Ogun da Oyo da Ondo da Bendel, da na GNPP biyu, Muhammadu Goni na Borno da Abubakar Barde na Gongola, da na PRP biyu, suka riƙa haɗuwa lokaci-lokaci, yau a wannan jiha gobe a waccan, suna fitar da matsaya ɗaya a kan gwamnatin Shagari. Shugabannin PRP suka ce gwamnoninsu su daina zuwa. Gwamnoni suka ce ba za su daina ba.

Me ɓangaren Malam yake cewa? Cewa suke gwamna ɗan jam'iyya ne, ba ubanta ba. Ba a shawarci jam'iyya ba aka ɗauki sunanta aka kai wani zaure. Kuma a zauren nan biyar daga cikin tara mutanen Awolowo ne, saboda haka komai daɗin bakin da za a yi, PRP jela za ta zama. Kuma Malam ba da ka yake magana ba, ya taɓa gani. NEPU ta yi ƙawance da NCNC ta Azikiwe tun cikin shekarun 1950, amma da aka yi zaɓen 1959 sai NCNC ta je ta kafa gwamnatin tarayya da NPC, wato da jam'iyyar da 'yan NEPU ke shan ɗauri a ƙarƙashinta. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle.

Su kuma gwamnoni me suke cewa? Cewa suke NPN ce ke riƙe da 'yan sanda, ita ke riƙe da baitulmali, kuma ta nuna abin da za ta iya. A watan Janairun 1980 aka kama Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye na majalisar Borno, ɗan GNPP, aka kai shi aka ajiye a Chadi, wai ba ɗan ƙasa ba ne, sai da kotu ta dawo da shi. Wanda ya ga haka, ya ce zai zauna shi kaɗai? Balle Balarabe, mai majalisar da ke jiran ya yi tuntuɓe, wanda kuma da ƙuri'ar magoya bayan waɗannan jam'iyyu ya hau. Bayan haka suna zargin cewa wasu na kusa da Malam, musamman sakataren jam'iyya S.G. Ikoku, hankalinsu ya karkata ga yin sulhu da NPN, don haka ne ma ba sa son taron.

Kun ga ai wannan tambaya ce ta gaske. Da wa za a yi ƙawance, kuma wa ke da ta cewa, shugaban jam'iyya ko wanda jama'a suka zaɓa? Magana ce da za a iya rufe ƙofa a kwana uku ana yi, a fito da matsaya. Ba a yi haka ba. A cikin 1980 aka kori gwamnonin biyu daga jam'iyya. Su kuma suka ce su ne jam'iyyar, suka yi nasu taron, suka ɗora Michael Imoudu, tsohon shugaban ma'aikatan jirgin ƙasa wanda ya jagoranci yajin aikin 1945, a matsayin shugaba. FEDECO ta ce ita PRP ta Malam ta sani. Mafi yawan 'yan majalisa da 'yan boko, irin su Dokta Yusufu Bala Usman na jami'ar nan ta Samaru, wanda ya zama sakataren gwamnatin Balarabe, suka bi gwamnoni. Dattawan NEPU da yawa da talakawan birnin Kano suka tsaya wa Malam.

Yanzu mu zo kan kafafen watsa labarai, wanda shi ne gundarin maganata.

Kafin ka tambayi me jarida ta ce, fara tambayar ta wace ce. Mu mutanen Zariya bai kamata a koya mana wannan ba, domin a garin nan aka haifi Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairun 1939, Abubakar Imam na editanta, kuma gwamnatin Turawa ce ta kafa ta, ana gab da Yaƙin Duniya na Biyu, don ta riƙa isar da nata bayanin ga mai karatun Hausa. Wannan bai hana ta yin aikin alheri ba, amma mai ita ya san dalilin da ya sa ya zuba kuɗinsa. To a 1980 ga yadda filin yake. New Nigerian ta Kaduna, wadda Gaskiya Ta Fi Kwabo ta koma ƙarƙashinta, gwamnatin tarayya ta karɓe ta tun 1975. Rediyon Kaduna ya shiga hannun tarayya a 1978, kuma shi ke da gajeren zango, ana jin sa har Nijar da Ghana da Kamaru, alhali gidajen rediyon jihohi an tsayar da su a matsakaicin zango. Tarayya kuwa NPN ce. A kudu, Tribune ta Ibadan ta Awolowo ce. Concord, wadda ta fito a 1980, ta Abiola ce, shi kuma a lokacin jigo ne a NPN. Rimi da ya ga haka sai ya kafa nasa kamfanin, Triumph, a 1980, da Albishir ta Hausar boko da Alfijir ta ajami, ga Rediyon Kano a hannunsa, daga baya ya ƙara da talabijin na CTV.

To a cikin duk waɗannan, wace ce ribarta ita ce PRP ta shirya? Ku duba da kyau. Babu ko ɗaya. Na tarayya ribarsu gidan ya tsage. Na Awolowo ribarsu gwamnoni su ƙara matsowa kusa da shi. Na gwamnatin Kano ribarsu a nuna gwamna ne mai gaskiya. Ɓangaren Malam, da ba su da gidan rediyo nasu, duk inda aka miƙa musu abin magana sai su karɓa, kuma kun san wanda ya fi saurin miƙawa.

Kuma kada ku ɗauka sai an yi ƙarya. Wanda ya iya aikin ba ya bukatar ƙarya. Zaɓe kawai yake yi. Mutum ya yi jawabin awa guda, minti hamsin da biyar a kan makarantu da rijiyoyi da taki, minti biyar a kan abokin saɓaninsa. Wanne za a sa a kanun labarai? Minti biyar ɗin nan. Sai a ɗauka a kai wa wancan, a ce ga abin da wane ya ce a kanka, me za ka ce? Shi ma ya mayar. Gobe a dawo wa na farko da martanin. Kowace kalma an faɗe ta, ba wanda zai ce an yi masa ƙage, amma an mai da 'yan gida ɗaya zakaru, an kewaye su ana tafi. Sannan a zo ga suna. Mutum ɗaya ne, a wannan shafi ɗan tawaye ne mara kunya da ya ci amanar ubansa, a wancan shafi gwarzo ne mai ra'ayin ci gaba. Dattijo ɗaya ne, a nan uban talakawa ne mai hangen nesa, a can tsoho ne da 'yan baranda suka kewaye. Abin da ya fi ba ni mamaki ma shi ne yadda waɗanda suka gaji gidan da ya ɗaure 'yan NEPU suka wayi gari sun fi kowa jin zafin an raina Malam. Ashe ana son mutum haka, aka bari sai da 'ya'yansa suka yi masa gardama sannan aka tuna?

Amma sunan da ya fi kowane yin ɓarna ba daga waje ya zo ba, daga cikin gida ya fito. Abin da aka fi faɗa shi ne ɓangaren Malam ne suka ce santsi ya kwashi su Rimi, sun zame daga kan hanya. Su kuma suka ce to mun ji, mu 'yan santsi ne, ku kuma 'yan taɓo, kun kafe ba gaba ba baya. Kowa ya ɗauki zagin da aka yi masa ya mai da shi riga. Daga ranar da sunayen nan suka zauna, tambayar da aka fara da ita ta mutu. Ba mai sake cewa shin zama da gwamnonin UPN riba ne ko asara. Abin da ake tambaya kawai shi ne, kai ɗan wanne ne? Mawaƙa suka shiga, 'yan banga suka shiga.

Ina yaro a unguwar nan akwai wasu teloli biyu, wa da ƙane, shago ɗaya, keke biyu. Dukansu sun yi NEPU, babban har ya taɓa kwana a gidan yari saboda ita. Da la'asar akan kunna rediyo a teburin mai shayin da ke gefensu, mu yara muna raɓe. Wallahi da idona na ga yadda abin ya riƙa tafiya. Da fari gardama ce ta raha, a yi dariya a tashi. Sannan aka daina dariya. Sannan ƙanen ya daina cin abinci a kwano ɗaya da wansa. Wata safiya muka ga ya ɗora kekensa a kura ya bar shagon. Ka tambayi ɗayansu me aka tattauna a taron gwamnoni tara, ba zai iya gaya maka ba. Amma ya san abin da wane ya ce a kan wane daren jiya, kalma bayan kalma.

Sai sakamako ya fara zuwa. Ranar 23 ga Yunin 1981 majalisar Kaduna, ƙarƙashin kakakinta Mamman Abubakar Ɗanmusa, ta tsige Balarabe Musa. Shi ne gwamna na farko da aka taɓa tsigewa a tarihin Nijeriya. Mu koma ga lissafinmu. Kashi biyu cikin uku na 99 shi ne 66. NPN ta fito daga zaɓe da 64. Biyu suka rage mata, kuma ta samu. Saboda haka ba zan ce muku da PRP a haɗe take da ba a tsige shi ba, kujera 16 ba ta tare wannan. Abin da nake cewa shi ne, tsige gwamnan da jama'a suka zaɓa abu ne mai tsada, mai yin sa sai ya duba gabas da yamma. Rabuwar nan ita ta karya farashin. Ana tsige mutumin da jam'iyyarsa da bakinta ta ce ba nata ba ne, wa za a ji tsoro?

Kwana 17 bayan haka, Kano ta kama da wuta. Gwamnatin Rimi ta aika wa Sarkin Kano Ado Bayero takardar tuhuma ranar 7 ga Yuli. Ranar Juma'a 10 ga wata 'yan tarzoma suka fito. Aka kashe Dokta Bala Muhammad, malamin jami'a, mai ba gwamna shawara kan siyasa, a gidansa. Kuma ku dubi inda aka nufa da wuta: Rediyon Kano da kamfanin Triumph suna ciki. Ko su wane ne suka tsara abin, sun san inda ƙarfin yake. Kafin shekarar ta ƙare kuma majalisar Kano, wadda 'yan santsi suka fi yawa a cikinta, ta tsige mataimakin gwamna Ibrahim Bibi Faruk, wanda ya tsaya a ɓangaren Malam. Wato wuƙar da aka yanka Balarabe da ita a Kaduna, aka yi ta kuka ana cewa zalunci ne, ita aka wanke aka yi aiki da ita a Kano.

A duk tsawon wannan lokaci ba kalmar da aka fi furtawa kamar haɗin kai. Kowa na kiran haɗin kai. Amma in ka saurara da kyau, in ɗan taɓo ya ce a haɗa kai, nufinsa gwamnoni su zo su durƙusa su tuba. In ɗan santsi ya ce a haɗa kai, nufinsa Malam ya kori na kusa da shi ya bi sahun gwamnoni. In jaridar abokin hamayya ta ce tana baƙin cikin rashin haɗin kan PRP, to wannan kam hawayen mai sayar da likkafani ne. Shi ya sa duk inda kuka ji ana ta matsa wa wanda ya ci zaɓe da maganar haɗin kai, ko a Niyok ne ko a Kano, ku tambaya: wa ake so ya taka ya je wurin wa, kuma me ake so ya ajiye a bakin ƙofa kafin ya shiga? Wani lokaci girman kai ake so ya ajiye, wannan daidai ne, kuma da Rimi ya rage kaifin harshe a kan mutumin da ya girme shi da shekara ashirin da abubuwa da yawa sun zo da sauƙi. Wani lokaci kuwa alkawarin da ya yi wa masu zaɓensa ake so ya ajiye.

Malam Aminu ya rasu ranar 17 ga Afrilun 1983, ana shirin zaɓe. Rimi ya sauka daga kujera ya koma NPP don ya sake tsayawa, mataimakinsa Abdu Dawakin Tofa ya ƙarasa. Ku dubi ikon Allah. NPP ɗin nan ita ce ta yi ƙawance da NPN a gwamnatin tarayya daga 1979 zuwa 1981. Shi kuma Ikoku, wanda ya tsaya kai da fata a kan a hukunta gwamnoni saboda rashin biyayya ga jam'iyya, ya tattara ya koma NPN. Kowane ɓangare sai da ya aikata wani yanki na abin da ɗayan ke zarginsa da shi. Aka yi zaɓe, Sabo Bakin Zuwo na taɓo ya kayar da Rimi a Kano. A Kaduna, Lawal Kaita ɗin nan da aka kayar a 1979 shi ya hau. Wata uku suka yi. Ranar 31 ga Disamba soja suka karɓe mulki, kotun soja ta ɗaure Rimi, ta ɗaure Bakin Zuwo. Santsi da taɓo suka haɗu a gidan yari.

Kuma ciwon bai warke da haka ba. A 1991, zamanin jam'iyyu biyu na Babangida, mafi yawan tsofaffin 'yan PRP na Kano suna cikin SDP. Aka zo fid da ɗan takarar gwamna, tsohon miki ya tashi, aka kasa jituwa, Kabiru Gaya na NRC ya wuce ta tsakaninsu ya hau kujera. Don ku san ba ƙarfi NRC ta fi su ba, shekara ɗaya da rabi bayan nan, ranar 12 ga Yunin 1993, Abiola na SDP ya kayar da Bashir Tofa na NRC a Kano, jiharsa ta haihuwa.

Bambancin zamaninku da wancan shi ne, a da sai mai gidan rediyo ya ga dama ya miƙa abin magana. Yanzu kowane ɗayanku da gidan rediyonsa a aljihu. Aikin da edita kan yi, na yanko minti biyar daga cikin awa guda, yanzu wani ne da ba ku san shi ba yake yankowa ya jefo a Facebook ko WhatsApp, ku kuma ku yi masa dakon sa kyauta zuwa waya ɗari kafin Magariba. Gardamar da na tarar kuna yi ran nan, na tambayi mutum uku a cikinku me Mamdani ya ce zai yi da kuɗin haya, ba wanda ya sani. Amma duk kun san abin da Trump ya kira shi. Sai na tuna da telolin nan.

Saboda haka ga aiki. Ina son mutum huɗu daga cikinku, musamman ɗaliban jami'a, su je ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Samaru, in ba a samu a can ba su gangara Kaduna, Arewa House ko gidan adana tsofaffin takardu na ƙasa. Ku nemi New Nigerian da Gaskiya Ta Fi Kwabo da Triumph da Tribune, daga 23 ga Yuni zuwa tsakiyar Yulin 1981. Kada ku karanta sharhi tukuna. Kanun shafin farko kawai za ku kwafo, na kowace rana, ku jera su gefe da gefe, ku ja layi a ƙarƙashin sunan da kowace ta kira Balarabe da Rimi da Malam da shi. Wanda kuma kakansa ko wani dattijo a gidansu ya yi santsi ko taɓo, ya je ya zauna da shi, ya tambaye shi a kan me aka rabu, ya rubuto amsar yadda ya faɗe ta, kada ya gyara masa. In Allah Ya kai mu zama na gaba da su za mu fara.

Na ga lokaci ya tafi, nan zan dakata.